Na karɓi dubu talatin a kan waƙata, shin na sayar da ita ke nan?

Tambayar ta wani matashi ce daga Tudun Wadan Zariya. Yana rubuta waƙa, shi ke tsara baiti ya kuma ƙirƙiro kari, amma ba ya rerawa. Bara ya ba wani mawaƙi waƙa ɗaya, aka ba shi naira dubu talatin, ba a rubuta komai ba. Yanzu waƙar tana tashe, tana YouTube da Audiomack, ana sa ta a gidajen biki, sunansa kuwa bai fito ko'ina ba. Ga shi kuma wani mai situdiyo a Sabon Gari ya miƙo masa takardar Turanci mai shafi shida, wai ya sa hannu ya zama marubucin kamfaninsa na shekara biyar. Yana son ya sani ko yana da sauran haƙƙi a waccan waƙa, yadda ake rabon kuɗin waƙa, da kuma ko ya sa hannu.

Ƙanena, kada ka sa hannu tukuna. Aikina lauya ne, kuma irin wannan takarda ba baƙuwa ba ce a wurina. Za mu zo kanta, amma bari mu fara da waƙar da ta riga ta fita, don a nan za ka gane abin da ake nema a hannunka.

Abin da kunne ke ji a matsayin waƙa ɗaya, a wurin doka dukiya biyu ce. Ta farko ita ce waƙar kanta, wato baitocin da ka tsara da karin da ka ɗora su a kai. Ta biyu ita ce sautin da aka ɗauka a situdiyo ranar da mawaƙin ya ɗora murya, abin da masu harkar ke kira masta. Ta farkon taka ce. Ta biyun, idan ba a yi wata yarjejeniya ba, ta wanda ya tsaya ya shirya aka ɗauki sautin ce, galibi wanda ya biya kuɗin situdiyo. Idan gobe wata mawaƙiya ta sake rera baitocinka da sabon kiɗa, an sami sabon masta, amma waƙar dai taka ce ake rerawa. Mafi yawan rigimar da nake gani tsakanin marubuta da mawaƙa da masu kiɗa, asalinta cakuɗa waɗannan biyu ne.

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin dokar 1988. A ƙarƙashinta, haƙƙinka ya tabbata tun daga lokacin da waƙar ta bar kanka ta zauna a wani abu da za a iya gani ko a ji: takarda, ko saƙon murya a waya. Ba sai ka yi rijista ba. Abin da ke cikin ranka kawai, ko jigo irin na soyayya ko yabon iyaye, ba mai iya cewa nasa ne. Haƙƙin marubuci yana nan tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Na masta kuwa shekara 50 ne. Tun da Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993, wannan kariya tana bin waƙarka har Nijar da Ghana da Ingila.

To, ga amsar tambayarka ta farko. Dokar ta ce sayar da haƙƙi gaba ɗaya, ko ba mutum ɗaya izinin da ya keɓanta gare shi ban da kowa, ba ya inganta sai a rubuce. Izini na gama-gari shi ne ake iya bayarwa da baki, ko a fahimce shi daga yadda aka yi mu'amala. Saboda haka dubu talatin ɗin nan ba ta raba ka da waƙarka ba. Abin da mawaƙin ya samu shi ne izinin ya rera ta ya fitar, kuma wannan ba za ka iya musunsa ba, tun da kai ka miƙa masa ita ka karɓi kuɗi. Iyakar wannan izini ita ce abin jayayya: ya haɗa da sa waƙar a fim? Ya haɗa da ba kamfanin waya ita a matsayin waƙar kira? Ya haɗa da sayar wa wani? Ba a faɗa ba, don haka kana da bakin magana. Sai dai kafin ka tafi kana murna, buɗe WhatsApp ɗinka ka karanta abin da ya gudana tsakaninku. Kotunanmu suna karɓar saƙon waya a matsayin hujja. Idan akwai inda ka rubuta masa cewa ka sayar masa ba ka da sauran komai a ciki, lauyansa zai riƙe wannan da hannu biyu. Idan kuwa abin da ke nan shi ne saƙon muryar da ka rera masa karin tun kafin ya shiga situdiyo, da kwanan wata a jiki, to ka adana shi a wuri fiye da ɗaya yau ɗin nan, tare da littafin da ka yi rubutun, har da shafukan da ka soke ka gyara. Shafin da ke cike da gyara ya fi tsaftatacce ƙarfin shaida.

Sunanka kuma magana ce daban. Ko da ka sayar da waƙar da takarda da shaidu, haƙƙin a ambaci sunanka a matsayin marubuci, da haƙƙin hana a lalata waƙar ta hanyar da za ta zubar maka da mutunci, ba sa barin hannunka muddin kana raye. Magabatanmu masu rubutacciyar waƙa sun riga doka sanin darajar wannan. Shi ya sa suke saƙa sunansu a baitocin ƙarshe, har da shekarar da suka gama cikin ramzi, wato haruffan da ke wakiltar lambobi, don ko waƙar ta yi yawo a bakin mabarata har ƙasar da ba a san su ba, ba ta rabuwa da mai ita. Kai da ba ka rerawa, suna shi ne jarinka. Wanda zai neme ka aiki gobe, a ƙarƙashin bidiyon nan zai ga sunanka.

Abin da nake ba ka shawara a kan wannan waƙa: kada ka fara da zagi a TikTok, kada kuma ka fara da neman a sauke ta daga YouTube. Sabuwar doka ta ba ka hanyar aika takardar neman a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izini ba, amma waƙar da aka sauke ba ta kawo wa kowa ko kwabo, kuma kai da kanka ka ba da izinin fitar da ita. Ka sami mawaƙin tare da wani babba da kuke jin nauyinsa ku biyu. Ka nemi abu biyu: a sa sunanka a duk inda waƙar take, a kuma rubuta maka kaso daga abin da za ta shigo da shi daga yau. Abin da ya wuce, ka yi sassauci a kansa. Idan abin ya ƙi, shari'ar haƙƙin mallaka ba ta kotun majistare ko kotun shari'a ta unguwa ba ce, ta Babbar Kotun Tarayya ce, kuma mafi kusa da kai tana Kaduna. Tana cin kuɗi tana cin lokaci, sai ka auna ko abin da waƙar ke samarwa ya kai.

Sai maganar rabo. Ba wata doka da ta yanke cewa marubuci kaza, mai kiɗa kaza. Abin da kuka amince a kai shi ne doka a tsakaninku. Tsohuwar al'adar harkar a duniya ita ce a raba waƙar gida biyu, rabi na baiti, rabi na kari da kiɗa. Wasu kuma suna raba daidai tsakanin duk wanda aka zauna da shi aka ƙirƙira. A irin aikinka, da kai ke kawo baiti da kari, mai kiɗa ya gina kiɗa a kai, ni zan ce ka riƙe 70 cikin ɗari, mai kiɗa 30. Idan kuwa shi ya fara buga kiɗan kai ka hau, rabi da rabi adalci ne. Mawaƙin da bai ƙara ko ɗango ɗaya ba, ba shi da kaso a rubutu, nasa yana cikin masta. Idan ya kawo amshin da ya ɗauki waƙar, to ya shiga, kuma kada ka yi masa rowa, don sau da yawa amshi ne mutane ke riƙewa. Wanda ya biya kuɗin situdiyo, ko ya sayo abinci, ko ya ce a ƙara sauri kaɗan, bai zama marubuci ba. 'Yan amshi da mai gyaran sauti ana biyansu ladan aiki ne a sallame su, amma shi ma a rubuta.

Wannan rabo a rubuta shi kafin a bar situdiyo, a ranar, kowa yana dariya. Takarda ɗaya ta isa, ko da an yago ta daga littafin makaranta ne: sunan waƙa, kwanan wata, wurin da aka buga ta, cikakken sunan kowa kamar yadda yake a katin shaidarsa tare da sunan da aka san shi da shi a waƙa, abin da ya yi, kasonsa a rubutu, kasonsa a masta, lambar waya, sa hannu, da shaidu biyu. Jimillar kowane ɓangare ta cika ɗari. Kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. Da Hausa ma za a iya rubutawa, ko da ajami, ba abin da ya rage mata. Na san abin da ke hana mutanenmu: kunya, da tsoron a ce ba ka yarda da ɗan'uwanka ba. Amma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma tsakanin muminai ake magana. Haka nan Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a ci. Wanda ya ɓata rai don ka ce a rubuta, ya gaya maka abin da ya kamata ka sani game da shi.

Akwai wani abu da ba a faya gaya wa marubuta ba. A ƙa'ida, kuɗin marubuci yana zuwa ne ta hanyar ƙungiyar da ke karɓo masa haƙƙi daga gidajen rediyo da talabijin da otal da wuraren taro. A Najeriya, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, NCC, ita ke ba irin waɗannan ƙungiyoyi lasisi, kuma a ɓangaren waƙa za ka ji sunan MCSN da COSON, waɗanda an daɗe ana kai ruwa rana a kan wadda ke da iko. Ka tambayi NCC wadda ke riƙe da lasisi a lokacin da za ka shiga, ka shiga, ka rubuta waƙoƙinka. Amma kada ka ɗora tukunya don jiran abin da zai fito daga can. Kuɗin waƙar Hausa da ake gani da ido yana fitowa ne daga YouTube, da manhajojin sauraro irin su Boomplay da Audiomack da Spotify, wadda ta shigo Najeriya a 2021, da waƙar kira, da kuɗin da ake ba mawaƙi a biki, da liƙi. Kusan duka wannan ta hannun mai masta yake bi. Kamfanonin da ke ɗora waƙa a manhajoji, irin su DistroKid da TuneCore, wanda ya buɗe asusun suke biya. YouTube yana ba mai tasha 55 cikin ɗari na kuɗin talla a dogon bidiyo, bayan tashar ta cika sharuɗɗa, kuma ba ruwansa da wanda ya rubuta baiti sai idan an shigar da shi. Don haka duk lokacin da za ka ba da waƙa, ka nemi kuɗin hannu, ka kuma nemi wani kaso a kuɗin masta, ko 10 ko 15 cikin ɗari ne, ban da haƙƙinka na rubutu. Wasu daga cikin waɗannan kamfanoni suna da tsarin da za a sa adireshin imel ɗinka, kasonka ya riƙa zuwa maka kai tsaye ba sai ka bi kowa ba. Wannan ya fi alƙawari.

Ka kula da wanda ya buɗe tasha. Na ga mawaƙin da wani yaro mai shagon kwamfuta ya buɗe masa tashar YouTube da imel ɗinsa da lambar wayarsa, don shi ya iya. Bayan tasha ta girma aka ɓata, yaron ya canza kalmar sirri. A takarda waƙoƙin na mawaƙin ne, amma tasha da asusun da kuɗi ke faɗawa suna hannun wani. Duk abin da zai ɗauki sunanka, a buɗe shi da imel ɗinka da lambarka da asusun bankinka.

Yanzu takardar Sabon Gari. Ban gan ta ba, amma ga inda zan fara dubawa. Shin sayarwa ce ko izini? Bambancin kamar na wanda ya sayar da gonarsa ne da wanda ya ba da ita haya: ɗaya ya rabu da ita har jikokinsa, ɗaya bayan damina kaza tana dawo masa. Idan ka ga an ce ka miƙa dukkan haƙƙinka, a duk duniya, har abada, to sayarwa ce, kuma da lissafin shekara 70 da na gaya maka, abin da 'ya'yanka za su gada kake sayarwa, don haƙƙin mallaka yana shiga gado kamar kowace dukiya. Ni na fi son matashi ya ba da izini na shekara uku zuwa biyar a kan waƙoƙin da aka ambata da sunansu, bayan nan su dawo masa. Idan dole sai an sayar, to farashin ya nuna sayarwa ce, kuma a sa sharaɗin cewa waƙar da kamfani bai fitar ba cikin shekara ɗaya ta koma ga mai ita. Ba abin da ke ɓata mini rai kamar in ga waƙoƙin yaro a kulle a kwamfutar wani, ba a fitar ba, shi kuma ba shi da ikon ba wani.

Shekara biyar ɗin ma ka karanta ta da kyau. Sau da yawa a ƙasa akwai layin da ya ce kamfani na da ikon sabuntawa shi kaɗai, ko kuma wa'adi ba ya ƙarewa sai an fitar da waƙa kaza, alhali kamfanin ne ke yanke ranar fitarwa. Ta haka biyar ke zama goma. Ka duba kuma ko an hana ka rubuta wa kowa waƙa a tsawon lokacin. Idan an hana, me za ka ci? Wanda ya ɗaure hannunka, ya kamata ya ɗauki nauyin wani abu a kai a kai, a rubuce.

Sai kuɗin kafin alƙalami, inda ake kama yawancin yara. Ba kyauta ba ne, bashi ne da za a cire daga kasonka. Bari in yi maka lissafi. A ce an ba ka naira 500,000 a hannu, aka kashe 1,500,000 a bidiyo da talla, takarda kuma ta ce duka za a cire daga kasonka, kasonka kuwa 20 cikin ɗari ne. Bashin da ke kanka miliyan 2 ke nan. Kafin kason 20 cikin ɗari ya biya miliyan 2, sai waƙoƙin sun shigo da miliyan 10. A ranar da aka kai nan, kamfani ya karɓi miliyan 10 cif, kai kuma abin da ka taɓa gani shi ne 500,000 ɗin farko. Ba lallai mugunta ba ce, mai situdiyon ya sa dukiyarsa kuma yana iya yin asara. Amma ka nemi a fara cire kuɗin da aka kashe daga jimillar abin da ya shigo, sannan a raba saura. Ka nemi a sa iyaka ga abin da za a kashe da sunanka, kuma duk abin da ya wuce wani adadi sai da sa hannunka. Idan an ce kasonka daga riba ne bayan an cire ɗawainiya, a lissafa ɗawainiyar ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba har man motar oga zai shiga. A rubuta lokacin biya, ko duk wata uku ko duk wata shida, da ikonka na ganin shafin da ke nuna abin da ya shigo. A ƙasashen da harkar ta zauna, kamfanin da ke kula da haƙƙin marubuci yakan ɗauki rabi idan shi ya mallaki haƙƙin waƙar, ko 10 zuwa 20 cikin ɗari idan karɓo kuɗi kawai yake yi. Wannan zai ba ka ma'auni.

Za ka kuma tarar da sakin layin da kake rantsuwa cewa waƙoƙin naka ne, kuma idan aka yi ƙara kai za ka biya. Wannan daidai ne, amma yana nufin ka tsarkake aikinka. Ɗaukar karin waƙar Indiya a ɗora baitin Hausa, da aka daɗe ana yi a finafinanmu, yanzu na'urar YouTube tana gano shi, kuɗin tallan ya tafi Mumbai. Kiɗan da aka sauke daga intanet an rubuta kyauta, yawanci kyauta ne ga wanda ba zai nemi kuɗi da shi ba. Waƙoƙin manyan makaɗanmu ma ba na kowa da kowa ba ne. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, don haka haƙƙin waƙoƙinsa yana nan har ƙarshen 2069, kuma yana da magada. Ko waƙoƙin gargajiya da ba a san mai su ba, irin na daɓe da na gaɗa, doka ta sa NCC ta kula da yadda ake kasuwanci da su.

Rijista da NCC, ko da ba dole ba ce, tana da amfani ga waƙar da kake ganin za ta yi nisa. Ana yin ta ta intanet, kuma takardar da za a ba ka tana sa kotu ta fara ɗauka cewa kai ne mai ita, sai wanda ke ja ya kawo hujja. Kada ka haɗa ta da takardar Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wannan izinin fitarwa ce, ba shaidar mallaka ba. Sunan waƙa kuwa doka ba ta kare shi, mutum goma na iya sa wa waƙarsu suna ɗaya.

Ka ce wa mai situdiyon ya ba ka kwafin takardar ka tafi da ita gida na mako ɗaya. Ka duba ko kamfanin yana da rijista da CAC, hukumar rijistar kamfanoni, kuma sunan da ke takardar shi ne sunan da aka yi rijistar da shi. Ka kai ta wurin lauyan da ba nasa ba. Idan kuɗin lauya ya yi maka nauyi, ka je Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo ka tambayi asibitin shari'arsu, inda ɗalibai ke taimaka wa jama'a ƙarƙashin kulawar malamansu. A fassara maka kowane sakin layi da Hausa, ka maimaita da bakinka abin da ka fahimta. Duk gyaran da aka amince da shi a shigar da shi cikin takardar, kada a ce maka ai mun yi magana. Ku sa hannu a kowane shafi, kowa ya riƙe nasa kwafin na asali. Idan ya ce ba za a fita da takardar ba, ko dole yau a gama, ka yi masa godiya ka ci gaba da ba da waƙoƙinka ɗaya bayan ɗaya, kowace da takardar rabonta.